Awa Sittin da Huɗu a Firiza ta Uku

Yayana gyaran firji yake yi, shekara talatin da ɗaya ke nan. Shagonsa taku tara ne a tsawo, biyar a faɗi, da ƙafata na auna, kuma ban taɓa shiga na tarar da ƙasa da firji goma sha biyu a ciki ba, wasu a tsaye, wasu a kwance an buɗe musu baya. A layin masu gyara ba mai kiran sunansa, Malam Sanyi ake ce masa. Yakan ɗora tafin hannu a gefen firji ya lumshe ido, kafin mai kaya ya gama bayani ya faɗa masa ko gas ne ya tsiyaye ko kwampireso ne ya gaji. Da wannan hannun ya riƙe mu, mu huɗu, bayan rasuwar Baba. Ni ce auta, ni ce kuma mai gaggawar gidan. Shi kuwa ko gobara ake yi sai ya gama mayar da ƙusoshi cikin gwangwaninsu kafin ya tashi.

Akwai abin da ya riƙe tun yana saurayi, ba ya jin musu a kai: duk abin da ka ga ya lalace, zafi ne ya ci shi. Magani, batir, gam, har hotunan aurensa, duk a firji yake ajiye su. Matarsa, wadda muke kira Anti, takan ce da ana iya naɗe mutum, da tuni ya jera ta kusa da robar ruwa don kada ta tsufa. Ita ƙanƙara take sayarwa. Firiza huɗu gare ta a barandar baya, duk waɗanda masu su suka kawo gyara suka manta da su, ta bi ta rubuta musu lamba da jan fenti. Ta ukun ce mai ƙarfi. Yaya da kansa ya canza mata kwampireso, yana alfahari da ita kamar 'yar fari.

Ciwon Anti da jini a fitsari ya fara, sai nauyi a kwiɓin hagu. A ƙaramin asibitin da muka fara zuwa aka ɗauki hoto, aka ga ƙari a ƙodarta, santimita bakwai. Suka tsakuro ɗan nama da allura suka aika gwaji, takarda ta dawo ta ce ciwon daji ne. Wata biyar muka yi muna jiran layin fiɗa a babban asibiti.

Ana gobe aiki likitan fiɗa ya zaunar da ni da Yaya. Ya ce za su cire ƙodar gaba ɗaya, amma cirewa ba ita ce ƙarshen magana ba, domin irin wannan ciwo wani yakan tafi ke nan, wani yakan dawo da wuri. Ya ce a jikin ƙwayoyin ƙarin akwai wasu abubuwa kamar kunnuwa, su ke karɓar saƙon da ke cewa a girma, a yi sabbin hanyoyin jini. Ana zuba wa naman wani rini a duba a madubin gwaji, a ga yawan kunnuwan. Ba hukunci ba ne, in ji shi, alama ce kawai, amma inda suka yi yawa an fi tsoron ciwon ya dawo. Yaya ya ce wato kamar tamostat ya lalace, kwampireso yana ta aiki ba mai ce masa ya huta. Likitan ya ce bai taɓa jin wanda ya gane da sauri haka ba.

Sannan ya faɗi abin da na rubuta a bayan katin asibiti. Akwai wani bincike da suke yi, suna ba masu yawan kunnuwan nan magani bayan fiɗa, irin maganin da kuɗinsa ya fi ƙarfin irinmu. Sharaɗi biyu: sakamakon rinin, da kuma a fara sha kafin kwana tamanin da huɗu daga ranar aiki. In an wuce ko da kwana ɗaya ne, ƙofa ta rufe. Na sayi kalanda a bakin asibiti na zana da'ira a kan ranar.

Ranar Juma'a aka yi aikin, awa uku da minti arba'in. Wajen ƙarfe huɗu wata nas ta fito da farin bokiti mai murfi ta miƙa wa Yaya. Ta ce ƙodar ce, mu za mu kai ɗakin gwaji, can ɗaya ginin, amma sun tashi, sai Litinin ƙarfe takwas. Tana juyawa ta ce a kula da shi sosai kada ya lalace. Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma ban ga laifinta ba, mutum shida ke jiranta a ciki.

A gida Yaya ya buɗe murfin. Ƙodar tana cikin wani ruwa mai wari da ke sa ido hawaye. Ya dube ta ya dubi rufin kwanon barandar, ya ce nama a wannan zafin har kwana uku, ai sai dai a zubar. Kuma ba a saka ruwa a firiza cikin bokiti, in ya daskare zai kumbura ya fasa robar. Ya tsiyaye ruwan a magudana, ya naɗe ƙodar a leda uku, ya kwashe ƙanƙarar Anti daga firiza ta uku ya wanke ta da sabulu, ya kwantar da ledar a tsakiya. Ni na riƙe masa murfin. Ni na je na sayo man janareta, jarka biyar, saboda wutar unguwarmu ba abar dogaro ba ce. Awa sittin da huɗu firizar nan ba ta huta ba ko na minti ɗaya, kuma duk awa biyu yakan duba ma'aunin sanyi in rubuta a takarda. Sau talatin da biyu. Har yau takardar tana wurina. Ranar Litinin muka miƙa ledar cikin kular ƙanƙara, mai karɓa ya manna lamba ya ce mu dawo bayan mako uku. Yaya ya fito yana murmushi, karo na farko a wata biyar.

An sallami Anti a kwana na tara. A kwana na ashirin da shida likitar gwaji ta aiko a kira mu. Mace ce 'yar siririya mai gilashin ido, ba ta ɗaga murya. Ta tambaya wa ya daskarar da naman. Yaya ya gyara zama ya ce shi ne, har ya sa na fito da takardar nan ta gani, ko sau ɗaya sanyin bai sauka ba.

Ta karanta takardar har ƙasa. Sannan ta juyo da madubin ta ce ya leƙa. Ta ce ruwan nan mai wari shi ne mai adana nama yadda yake. Sanyin firiza kuwa a hankali yake shiga, ruwan da ke cikin kowace ƙwaya ya zama ƙanƙara mai tsini ya yaga ta daga ciki. Ta iya tabbatar da cewa ciwon daji ne, amma rinin ya kama nan ya ƙi can, ba za ta iya sa hannu a kan lissafin da ba ta yarda da shi ba, masu binciken ma ba za su karɓa ba.

Yaya ya daɗe da ido a madubin. Da ya ɗago ya ce, "Kamar tumatir. In ya daskare ya narke, ruwa yake zama. Na san wannan, likita. Kullum ina faɗa wa mutane."

Ta tambaya ko an taɓa tsakurar ƙarin kafin fiɗa. Na ce an yi, da allura, wata shida da suka wuce. Ta ce to wannan ɗan naman ba a zubar da shi, ana binne shi cikin kaki, ɗan dunƙule kamar akwatin ashana, a ajiye shekaru. In muka samo shi, kuma in da saura a ciki, za ta gwada. Na ƙirga a zuci, saura kwana hamsin da takwas.

A hanya Yaya ya ce kada in faɗa wa Anti. Muka ce mata ana son ƙarin gwaji ne. Da muka isa gida ya wuce baranda ya zare wayar firiza ta uku daga bango, ya ce wa Anti gas ne ya tsiyaye. Washegari bai buɗe shago ba, jibi ma haka. Masu kaya suna kira yana kallon wayar har ta yi shiru.

Ƙaramin asibiti suka ce su ba sa gwaji, wani ɗakin gwaji na kuɗi suke aika wa. Muka je adireshin muka tarar da shagon sayar da wayoyi. Mai shagon ya ce likitan wurin ya rasu, iyalinsa sun kwashe kaya. Kwana goma sha ɗaya na yi kafin in sami lambar matar marigayin, kira ashirin da uku kafin ta ɗauka. Ta ce injina an sayar, kwalayen dunƙulen kaki kuwa an ba wata kwaleji da ke koyar da aikin gwaji. A kwalejin aka ce sai da wasiƙar shugaba. Shugaba yana taro, shugaba ya yi tafiya, an sa hannu amma babu hatimi, mai hatimi yana jinya. Zuwa bakwai na yi, matakala arba'in da huɗu kowane hawa, Yaya yana bina a baya da takardar sakamakon farko cikin leda, mai lamba 417 a kusurwa. Ya rame har bel ɗinsa ya ci rami biyu. A zuwa na shida na ga ya durƙusa wa sakatare, mutumin da bai kai ƙaninsa ba. Na ɗago shi da hannuna, ban iya kallon fuskarsa ba.

A kwana na sittin, ranar Litinin, aka buɗe mana sito. Ɗaki ne a bayan kwalejin, rufin kwano, taga ɗaya. Mai kula da shi wani tsoho ne da kowa ke kira Baba Sito, idonsa ɗaya ya yi fari. Ya nuna mana kwalaye arba'in da shida da aka jibge har rufi, ya ce masu kwashe kaya sun zube su sun mayar yadda suka ga dama, ba shekara ba wata. Kowane kwali da dunƙule wajen ɗari uku, babu suna, sai lamba da shekara da fensir a gefe. Ya ce daga tara zuwa biyu yake zama, kuma ba mai fita da ko ɗaya sai wanda wasiƙa ta ambata.

Zafin ɗakin ya sa kakin ya yi laushi, dunƙulen sun manne da juna, sai an raba su da farce a hankali. Na raba aikin: Yaya yana ɓamɓarewa, ni ina karanta lamba, Baba Sito yana jerawa a sabon kwali. Kwali huɗu a rana, ba ma iya wuce haka. Baba Sito mutum ne mai tsokana. Da ya ji sana'ar Yaya ya ce shekara tara yana roƙon a kawo masa mai gyaran fanka, ashe sai matar wani ta kwanta za a turo masa injiniya har ɗaki. Yaya ya gyara fankar a minti ashirin, bai yi dariya ba. Sau biyu muka ci karo da 417, duk na wata shekarar. A na biyun Yaya ya fita waje ya jingina goshinsa da bango, muka ci gaba ni da tsohon ba mu kira shi ba.

Mako na farko kwali ashirin, babu. Kullum muka koma gida Anti tana zaune a baranda da hannu a kan ɗinkinta, takan tambaye ni, da yake Mita take kirana saboda yawan ƙirge-ƙirgena, yau kwana nawa mitar ta nuna. In faɗa mata. Ta gyaɗa kai ta ce a zuba wa Yaya abinci ko ba zai ci ba.

A kwali na talatin da tara muka same shi, kwana na saba'in da ɗaya, ƙarfe ɗaya da minti hamsin. Na karanta lambar da shekarar sau uku, Baba Sito ya kawo ta kusa da idonsa mai gani ya karanta na huɗu. Naman da ke ciki bai fi zaren tsintsiya kauri ba, tsawonsa kamar ƙwayar shinkafa biyu. Muka ɗauki tasi, cunkoso ya riƙe mu, muka iso ɗakin gwaji ƙarfe huɗu da kwata, an rufe. Juma'a ce kuma. Sai Litinin ƙarfe takwas.

Yaya ya tsaya a bakin ƙofar da dunƙulen cikin ambulan a tafin hannu kamar an ɗora masa garwashi. Na kira likitar, ta ce a saka shi a aljihun tebur, wuri mai inuwa, shi ke nan. Ya sa na sake kira in tambaya ko zafin ɗaki zai narkar da shi. Ta ce wanda ya yi wata shida a ƙarƙashin kwano ba kwana uku ne za su kashe shi ba. Duk da haka ya miƙo mini ya ce in riƙe, shi hannunsa ba shi da kyau. Na ce ni ma na riƙe murfin firizar, in ana maganar hannu. Haka muka iso gida ambulan yana kan kujera a tsakaninmu.

Anti ce ta ɗauka. Ta buɗe ta daɗe tana kallon ɗan dunƙulen, ta ce ashe wannan ne ya hana mijinta aiki kwana arba'in da biyar. Yaya ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta ya fara faɗa mata, tun daga bokitin. Bai kai ga leda ta uku ba ta tare shi.

"Malam, shekara ashirin da biyu ina sayar da ƙanƙara. Firizar da gas ɗinta ya tsiyaye ba a wanke ta da sabulu a bar murfinta a buɗe. Kuma maƙwabta sun faɗa mini janareta ya yi kwana uku bai mutu ba, kai da ko an ɗauke wuta ba ka barinsa ya wuce minti goma."

"Na ɓata miki, Maman yara."

"Ka ɓata. In na ce ban yi kuka ba na yi ƙarya. Amma da ni aka ba bokitin, nan zan kawo maka in ce ka saka a ta uku."

Ta ja aljihun teburin da take ajiye ledoji, ta saka ambulan ta rufe, ta ce duk wanda ya taɓa kafin Litinin zai gamu da ita, har Mita.

Ranar Litinin, kwana na saba'in da huɗu, likitar ta bar mu muka tsaya a bakin ƙofar ɗakin yanka. Abin da mai yankan ya fara yi shi ne ya kifa dunƙulen a kan faifan ƙanƙara. Yaya ya yi taku ɗaya ciki, na riƙe rigarsa. Likitar ta ce kada ya damu, naman da ke cikin kaki babu ruwa a jikinsa, sanyi kakin kawai yake taurarawa don wuƙa ta yanka sumul. Ya tambaye ta sau uku ko ta tabbata. Yanka biyar aka samu, sirara kamar fatar albasa, a na shida wuƙa ta fito da kaki zalla. Naman ya ƙare. In rinin bai kama a waɗannan biyar ba, babu inda za mu sake zuwa.

Mako guda muka jira. Ba abin da zan ƙirga sai kwanaki, su kuma ba sa gudu. Abin da ya fi damuna shi ne ban san me zan roƙa ba. In kunnuwan kaɗan ne, Anti ba za ta sami maganin ba, amma tsoron ya ragu. In suna da yawa, za ta samu, saboda ciwonta mugun iri ne. Na tambayi Yaya shi me yake roƙo, ya ce shi dai a iya karantawa.

A kwana na tamanin da ɗaya mu uku muka je, Anti ta ce ƙodarta ce, ba za a ƙara yin taro a kanta tana gida ba. Likitar ta ce huɗu daga cikin biyar sun kama rini da kyau. Ta sa Anti ta leƙa. Ta ce duk inda ta ga ruwan ƙasa-ƙasa a gefen ƙwaya, kunnuwan ne. Anti ta ce ai ita kusan ko'ina take gani. Likitar ta ce haka ne, wajen takwas cikin goma. Ta sake cewa alama ce, akwai waɗanda suka fi haka kuma ciwon bai dawo musu ba, akwai kuma waɗanda ya dawo wa duk da magani, shi ya sa ma ake binciken. Ta sa hannu a takardar ta miƙo mini, ta ce in ruga hawa na biyu wajen masu binciken kafin su tashi.

Na ruga. A kwana na tamanin da uku, ranar Laraba, ƙarfe goma da minti biyar, Anti ta haɗiye ƙwaya ta farko a gaban nas. Aka ba ta ta wata guda a kwalba, da ranar hoto bayan wata uku, da jerin abubuwan da maganin kan jawo, guda goma sha huɗu, na karanta mata su duka a tasi har ta ce in yi shiru.

Da muka isa gida Yaya ya karɓi kwalbar ya juya ta, ya miƙo mini ya ce in karanta masa inda aka ce a ajiye. Na karanta: wuri busasshe, ba a firji ba. Ya ce in sake. Na sake. Ya kai ta aljihun teburin nan na ledoji ya rufe.

Anti ta zauna a baranda tana haki daga hawan matakala uku na ƙofar gida. Ta dubi firiza ta uku, ta ce masa yara suna da makaranta, masu sayen ƙanƙara sun koma gidan gaba, ita kuma ba ta san yawan lokacin da aka ba ta ba, don haka ba za ta zauna tana kallon firiza mai lafiya a kashe ba. Ya tsaya da wayar firizar a hannu kusan minti biyu. Sannan ya sa ta a bango, ya ɗora tafinsa a gefen, ya jira har kwampireso ya tashi. Saura kwana casa'in a ɗauki hoton farko, na riga na zana da'irar.